Tambayoyi da amsoshi kan yadda Jamus ke fama da hayaƙinta da sauyin yanayi

Duk lokacin da aka ɗauko zancen sauyin yanayi sai ka ji wani ya ce ai Turawan nan baki kawai suke yi, wani kuma ya ce a'a sun gama gyara komai. Dukkansu ba haka abin yake ba, shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi na amsa su a kan ƙasa guda ɗaya, Jamus, don a ga abin a zahiri.

Me ya sa Jamus?

Saboda ita ce mafi ƙarfin tattalin arziki a Turai, kuma arzikinta a kan masana'antu ya ginu, ƙarfe da motoci da sinadarai. Mutanenta sun haura miliyan 83. Yanzu dai hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 2 cikin 100 na duniya ba, amma idan aka tara duk abin da aka ƙona na kwal da mai da gas tun farkon zamanin injuna, bayan Amurka da Chaina da Rasha ita ce ta huɗu. Toh ƙasa irin wannan idan ta ce za ta daina, dole a tsaya a kalla.

Yaushe suka fara damuwa da muhalli, ko tun can haka suke?

Ina! A yankin Ruhr inda ma'adinan kwal da kamfanonin ƙarfe suke, a shekarun 1950 mace za ta shanya wanki fari tas ta dawo ta tarar ya yi baƙi da toka, yara kuma ga ciwon ƙirji. A 1961 Willy Brandt yana yaƙin neman zaɓe ya ce dole sararin samaniyar Ruhr ya koma shuɗi, mutane da yawa dariya suka yi masa lokacin. Kogin Emscher kuwa ƙaton magudanar ƙazanta aka mayar da shi a buɗe har sama da shekara 100, sai ƙarshen 2021 aka daina zuba masa ruwan bayan gida gaba ɗaya.

Abin da ya girgiza su sosai shi ne mutuwar dazuzzuka a farkon shekarun 1980, hayaƙin tashoshin wuta yana haɗuwa da ruwan sama ya sauko da guba, itatuwa suna bushewa a tsaye, su kuma Jamusawa daji wani abu ne da suke ji da shi har cikin ransu. A 1983 aka tilasta wa manyan tashoshi su sa matatar hayaƙi, a shekarar ce kuma jam'iyyar masu kare muhalli ta Greens ta shiga majalisar tarayya karon farko. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 aka kafa ma'aikatar muhalli ta tarayya, a 1994 kuma aka saka kare muhalli cikin kundin tsarin mulki. Ka riƙe wannan na ƙarshen, zai dawo.

Ainihin me dokar ta ce?

Dokar kare yanayi an kafa ta a 2019, aka tsaurara ta a 2021. Ana auna komai ne da hayaƙin shekarar 1990. Zuwa 2030 a rage kashi 65 cikin 100, zuwa 2040 kashi 88, zuwa 2045 kuma ya zama duk ɗan abin da ya rage ana fitarwa akwai abin da ke shanye shi, kamar dazuzzuka. Kowace shekara a watan Maris hukumar muhalli ta tarayya tana fitar da alƙaluma, sannan wani kwamitin masana mutum 5 da ba sa ƙarƙashin kowane minista su duba su faɗi ko gwamnati na kan hanya. Ni wannan ne ya fi burge ni a tsarin gaba ɗaya, lamba ce a rubuce da kowa zai iya gani, ba wai za mu yi iya ƙoƙarinmu ba.

Sai dai a 2024 sun sassauta wani wuri mai muhimmanci. Da can kowane ɓangare, sufuri daban gine-gine daban masana'antu daban, yana da nasa iyaka a shekara, in ya wuce dole ministan ya kawo shirin gaggawa. Yanzu an haɗa lissafin wuri ɗaya, wato idan ɓangaren lantarki ya yi ƙoƙari sai ya rufa wa ɓangaren motoci asiri. Gaskiya wannan ja da baya ne.

Da gaske matasa suka kai gwamnati kotu kuma suka yi nasara?

Ƙwarai kuwa. Dokar 2019 ta ce kashi 55 zuwa 2030, bayan nan kuma ba ta fayyace komai ba. Sai wasu matasa, cikinsu har da Luisa Neubauer ta ƙungiyar ɗaliban nan masu zanga-zangar ranar Juma'a, da wasu masu ƙara daga Bangladesh da Nepal, suka garzaya kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe. A watan Afrilun 2021 aka fitar da hukunci, kotun ta ce idan manyan yau suka cinye kusan duk damar fitar da hayaƙin da ta rage, toh yaran yau ne za a matse su matsi mai tsanani bayan 2030, kuma wannan tauye musu 'yanci ne. Kotun ta jingina da wancan sashe na 1994. Gwamnatin Angela Merkel ba ta yi wata gardama ba, cikin 'yan makonni ta gyara dokar, nan ne 55 ta koma 65, wa'adin ƙarshe na 2050 kuma ya dawo 2045.

Toh sun rage hayaƙin kuwa, ko duk a takarda ne?

Sun rage. A 1990 wajen tan miliyan 1,250 ne, a 2024 ya sauko wajen miliyan 650, kusan rabi kenan. Amma ba duka ne sakamakon kyakkyawar manufa ba, a faɗi gaskiya. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 tsofaffin masana'antun gabas masu baƙin hayaƙi sun durƙushe, mutane da yawa suka rasa aiki, hayaƙi ya faɗi da kansa. Haka a 2023 wani kaso na ragin ya zo ne saboda tsadar makamashi ta sa kamfanonin sinadarai da ƙarfe sun rage aiki. Ragin da ya samu don masana'anta ta rufe ta koma wata ƙasa ba ragi ba ne ga duniya, hayaƙin ƙaura kawai ya yi.

Ƙasar da rana ba ta da ƙarfi, ta yaya sola ta yi yawa haka?

Wannan shi ne wurin da ya kamata mu fi nutsuwa mu fahimta. A shekarar 2000 gwamnatin Gerhard Schröder da 'yan Greens suka yi wata doka mai sauƙin ganewa. Duk wanda ya kafa sola a rufin gidansa ko injin iska a gonarsa, dole kamfanin layin wuta ya jona shi, dole ya fara sayen tasa wutar kafin ta kwal, kuma a kan farashin da aka tsayar har shekara 20. Shi kenan. Da wannan tabbacin manomi zai shiga banki ya ce ga rufin rumbuna ga abin da zan samu duk wata, a ba shi bashi. Mutanen ƙauye suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen injin iska guda tare suna raba riba. Idan ka bi ƙauyukan Bavaria za ka ga rufin garken shanu baƙi ƙirin da fanel tun daga wannan kusurwa zuwa waccan, a arewa kusa da teku kuma manyan fankoki ne jere a tsakiyar gonaki, tarakta na noma a ƙarƙashinsu.

A 2000 wutar da ake samu daga rana da iska da ruwa da makamantansu wajen kashi 6 ce kacal, a 2023 ta wuce rabin duk wutar da ƙasar ke sha, burinsu kuma kashi 80 zuwa 2030. Yanzu har ɗan haya yana sayen fanel biyu ya rataya a barandarsa ya soka a soket, doka ta yarda har wat 800.

Kuɗin kuwa masu biyan kuɗin wuta ne suka ɗauka, ta wani ƙarin da ake sakawa a takardar bil, wanda ya kai kusan santi 7 na Yuro a kowane yunit a 2017, sai a Yulin 2022 aka cire shi gwamnati ta ɗauki nauyin. Abin takaici gare su shi ne kamfanoninsu na ƙera fanel irin su Q-Cells da SolarWorld sun karye, Chaina ta kwashe kasuwar.

Idan babu rana babu iska fa, ba a ɗauke wuta?

Ba a ɗaukewa. A matsakaici wutar gida a Jamus ba ta kai minti 15 a ɗauke a shekara guda. A hunturu akan samu kwanaki da gari ya yi duhu iska kuma ta tsaya cak, sai su kunna tashoshin gas da na kwal, su kuma sayo daga maƙwabta irin su Faransa da Denmark da Norway, farashi ya yi tsalle na ɗan lokaci. Babbar matsalar ma ta waya ce, iska a arewa take, manyan masana'antu kuma a kudu. Layin SuedLink mai tsawon kilomita wajen 700 ya kamata a ce ya gama a 2022, jama'a suka ce ba sa son manyan turakun wuta a gabansu, aka koma binne shi a ƙasa, yanzu 2028 ake magana.

Me ya sa suka rufe tashoshin nukiliya alhali ba sa hayaƙi?

Tsoro ne mai tsohon tarihi, tun zanga-zangar shekarun 1970 da kuma Chernobyl, ga kuma sharar nukiliyar da har yau ba su samu wurin binne mafi hatsarinta na dindindin ba. Gwamnatin Schröder ta tsara rufewa, Merkel ta ƙara wa'adi a 2010, sai hatsarin Fukushima ya faru a Japan a Maris 2011 ta juya gaba ɗaya, aka kashe 8 daga cikin 17 nan take. Ukun ƙarshe an kashe su ranar 15 ga Afrilu 2023.

A ganina sun yi kuskuren jeri. Nukiliya tana ba su fiye da kashi 20 na wuta a 2010, da kwal suka fara rufewa suka bar waɗannan tashoshin da an riga an gina su su ƙarasa shekarunsu, da an kauce wa hayaƙi mai yawan gaske. Ban raina tsoron mutane ba, amma hayaƙin kwal shi ma yana kashe mutane, a hankali yake yi ba a gani.

Kwal ɗin fa, har yanzu suna haƙa?

Ramin ƙarshe na baƙin kwal, Prosper-Haniel a Bottrop, an rufe shi a Disambar 2018. Amma akwai ɗaya kwal ɗin mai ruwan ƙasa, wanda ya fi kowanne ƙazanta, shi ba rami ake shiga ba, yaye ƙasar ake yi gaba ɗaya da injunan da suka fi bene mai hawa 20 tsawo, ƙauye ko coci ko maƙabarta duk abin da ke hanya sai an tashe shi. Dokar 2020 ta ce a daina kwal kwata-kwata kafin ƙarshen 2038, aka ware Yuro biliyan 40 don yankunan da suka dogara da shi su samu wata sana'ar.

A yammacin ƙasar an daidaita da kamfanin RWE ya daina a 2030, amma cikin yarjejeniyar aka sallama masa ƙauyen Lützerath da ke bakin ramin Garzweiler. A Janairun 2023 'yan sanda suka kwashe masu zanga-zangar da suka yi ɗakuna a kan bishiyoyi, ana ta fama cikin taɓo, har matashiyar nan mai fafutukar yanayi Greta Thunberg sai ɗaukarta aka yi. Abin da ya fi yi wa matasan ciwo shi ne ministan da ya ƙulla yarjejeniyar, Robert Habeck, ɗan Greens ne. A gabas kuwa, yankin Lausitz, ma'aikata sun ce 2038 aka yi musu alkawari kada a taɓa, kuma ina ganin suna da hujja, iyayensu sun ga abin da ya faru bayan 1990.

Yaƙin Yukren ya ɓata musu lissafi?

Sosai ma. A 2021 fiye da rabin gas ɗin da suke shigowa da shi daga Rasha yake, kuma duk tsarin an gina shi ne a kan cewa gas mai araha zai riƙe su kafin sola da iska su isa. A ƙarshen Agustan 2022 bututun Nord Stream ya daina kawowa. Suka dawo da wasu tashoshin kwal na ɗan lokaci, suka gina tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Wilhelmshaven cikin wata 10 ko ƙasa da haka, a ƙasar da izinin injin iska ɗaya kan ɗauki shekaru. Wannan ya nuna cewa jinkirin nasu ba rashin iyawa ba ne.

Ina ne suka fi gazawa?

Mota. Hayaƙin sufuri da kyar ya motsa tsakanin 1990 da 2019. Har yau babu iyakar gudu ta bai ɗaya a manyan hanyoyinsu na Autobahn, shawara kawai ake ba ka ta kilomita 130, alhali sa iyakar ba ya cin ko sisi kuma zai rage mai. A 2015 aka gano Volkswagen ya saka manhajar yaudara a motocin dizil wajen miliyan 11 a duniya, mota ta nuna tsafta a wurin gwaji a kan titi kuma ta saki guba. An yi burin motocin lantarki miliyan 15 zuwa 2030, a farkon 2025 ba su kai miliyan 2 ba cikin motoci kusan miliyan 49, tallafin sayensu ma katse shi aka yi kwatsam a Disambar 2023 bayan kotu ta hana gwamnati amfani da wasu Yuro biliyan 60 da ta karkatar zuwa asusun yanayi.

Abin da ya yi kyau shi ne tikitin nan. A bazarar 2022 wata 3 aka yi ana shiga kowace bas da ƙaramin jirgin ƙasa a faɗin ƙasar da Yuro 9 a wata, an sayar da tikiti miliyan 52. Daga Mayun 2023 ya zama na dindindin a kan Yuro 49, a 2025 ya koma 58.

Wace rigima ce aka yi kan ɗumama gidaje?

Kusan rabin gidaje da gas ake ɗumama su, kwata kuma da mai. A 2023 gwamnati ta kawo dokar cewa sabuwar na'urar ɗumama dole kashi 65 na makamashinta ya zama mai tsafta, galibi wata na'ura ce mai aiki da lantarki, kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya, tana jawo ɗumi daga waje zuwa ciki. Daftarin ya fita kafin a bayyana tallafi, jaridu suka ɗauka, tsofaffi masu tsohon gida suka tsorata za a sa su kashe kuɗin da ba su da shi, mutane suka ruga sayen tukunyar gas kafin doka ta fara. Daga baya an sassauta an sa tallafi har kashi 70, amma amana ta riga ta zube, kuma gwamnatin Friedrich Merz da ta hau a Mayun 2025 ta yi alkawarin soke dokar ta kawo wata.

Ba talaka ne ke ɗaukar nauyin duk wannan ba?

Akwai gaskiya a ciki. Tun 2021 akwai kuɗin da ake ɗorawa kan fetur da dizil da gas na gida gwargwadon hayaƙinsu, an fara da Yuro 25 a kan tan ɗaya, a 2025 ya kai 55. Gwamnatin Olaf Scholz ta yi alkawarin mayar wa kowa kaso daidai daga kuɗin, ta yadda mai ƙaramin ƙarfi da ba ya ƙona mai da yawa zai fita da riba, amma har ta faɗi ba a biya ko sau ɗaya ba. Wutar gida kuma tana cikin mafi tsada a Turai. Mai gidan kansa ya sa sola ya sayi motar lantarki da tallafi, ɗan haya kuwa bil kawai yake gani. Idan ba a gyara wannan ba wallahi mutane za su ci gaba da juya wa abin baya a akwatin zaɓe.

Shara fa?

Tun 2003 robar ruwa ko gwangwanin lemo akwai santi 25 da ake riƙe maka. In ka shanye sai ka kai shago ka zura a wata na'ura, ta juya robar ta karanta ta matse ta, ta fito maka da 'yar takardar da za ka karɓi kuɗinka. Fiye da kashi 95 suna dawowa.

Su ma sauyin yanayin yana taɓa su?

A daren 14 zuwa 15 ga Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum sama da 180 a yammacin Jamus, fiye da 130 a kwarin kogin Ahr kaɗai, aka ware Yuro biliyan 30 don sake gini. A 2018 da 2022 kogin Rhine ya janye har jiragen dakon kaya suka koma ɗaukar rabin lodi ko ƙasa da haka. A tsaunukan Harz fari da wani ƙwaro mai cin ɓawo sun kashe itatuwa fili guda.

Mu me ya shafe mu?

Fanel ɗin da ke kan rufin shago a Kano ko Maraɗi, wani ɓangare na arharsa daga can ya samo asali, don kasuwar da Jamusawa suka buɗe da kuɗin bil ɗinsu ce ta sa masana'antun Chaina suka girma, farashi ya faɗi da wajen kashi 90 cikin shekara 10. Ta ɗaya gefen kuma tsofaffin motocin da suka tsufa a Turai, da yawansu nan Afirka ta Yamma suke ƙarewa da hayaƙinsu. Bajamushe guda yana fitar da wajen tan 8 a shekara, ɗan Najeriya iskar kabon ɗinsa ba ta kai tan 1 ba, ɗan Nijar ma ba a magana, amma mu ne damina ke yi wa gardama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuɗin da suke bayarwa na yanayi, irin dala miliyan 100 da suka yi alkawari ga asusun biyan asarar sauyin yanayi a taron yanayi na Dubai na 2023, ni a wurina haƙƙi ne suke saukewa. Kuma lokacin da gas ɗin Rasha ya yanke, Scholz da kansa ya je Senegal a 2022 da Najeriya a 2023 ana maganar gas, don haka in mun ce muna buƙatar namu gas ɗin mu samu wuta, bai kamata a yi mana wa'azi ba.

Za su kai burin 2045 kuwa?

A lantarki ina da yaƙinin za su yi nisa sosai, na 2030 ma ana iya kaiwa kusa. Wahalar tana gaba, motoci da gidaje da ƙarfe da siminti. A Maris 2025 an amince da asusun Yuro biliyan 500 na gina ababen more rayuwa, biliyan 100 daga ciki na yanayi ne, don haka kuɗi akwai. Wurin da nake sa ido shi ne ƙarfe. A Duisburg kamfanin Thyssenkrupp ya samu tallafin wajen Yuro biliyan 2 don gina sabon murhun da zai yi aiki da iskar haidurojin maimakon kwal, kamfanin Salzgitter ma yana gina nasa, amma a Yunin 2025 kamfanin ArcelorMittal ya janye irin wannan shiri a Bremen da Eisenhüttenstadt duk da an yi masa tayin tallafin Yuro biliyan 1.3, ya ce wuta da haidurojin sun yi tsada, lissafin ba ya fita.